Ƙugiya Ɗaya a Hannun Maman Sani

Kusan kowane mako sai wani saurayi ya leƙo shagona a Sabon Tasha, waya a hannu, ya ce, "Baba Dauda, wata nawa zan yi in iya tatu?" Ya kalli bidiyo ne, ya ga wani yana jan inji a kan fata kamar mai rubutu da biro, sai ya ɗauka abin wasa ne. Ni ba na gardama da su. Nakan miƙa wa yaro lemo guda da tsohon inji, in ce ya ja mini layi ɗaya miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa. Yawancinsu kafin su kai rabi ruwan lemon ya fara tsiyaya. Sai in ce, "To, da mutum ne, jininsa ke nan." Wasu su yi dariya su tafi. Saboda waɗanda suka tsaya nake rubuta wannan. A yi mini haƙuri in ya yi tsawo, ban daɗe da fara riƙe biro ba.

Ni ba da inji na fara ba. Mahaifina wanzami ne, Bahaushe Kirista daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ya zo Kaduna lokacin da masaƙun Kakuri ke cike da ma'aikata. Tun ina ɗan shekara bakwai nake bin sa da zabira a kafaɗa, maimakon jakar makaranta. A cikin zabirar akwai aska huɗu, da dutsen wasa su, da ƙaho, da almakashi, da tsumma fari. Ranar suna mukan isa gida da sassafe. Ya yi wa jariri aski, sannan ya tambayi uban, "Askar gidanku za a yi masa?" Wani ya ce bille, wani kalangu, wani 'yar baka, wani fashin goshi. Babana yakan kalli fuskar mutum a kasuwa ya gaya maka garinsu kafin mutumin ya buɗe baki. Tsofaffin matan da suka zo daga ƙauyukan kudu kuwa, a hannuwansu da cikinsu akwai zane irin na ado, wanda aka yi musu tun suna 'yan mata da ƙaya da baƙin tukunya. Matan Fulani masu kawo nono, wasunsu gefen bakinsu baƙi ƙirin, shi ma da allura aka yi. Shi ya sa idan yaro ya ce mini Turawa ne suka kawo tatu, sai in ce a'a, inji suka kawo. Zanen a nan suka same shi.

Shekarar da ta fi mana muni ita ce wadda abubuwa biyu suka haɗu. Masaƙu suka fara sallamar ma'aikata, asibitoci kuma suka fara jan kunnen mutane a kan aska ɗaya da ake yi wa mutum goma. Gaskiyarsu ne, amma mu a lokacin ba mu gane ba. Iyaye suka daina tsaga wa yara fuska, suka ce a makaranta ana yi musu dariya. Zabirar babana ta yi wata uku rataye a ƙusa. Yakan sauke ta ya wasa askar, ya mayar. Ni a lokacin na yi aure, ga ɗa ɗaya. Na koma aski a gindin mangwaro, wata rana kai biyu, wata rana ko ɗaya babu.

A gindin mangwaron nan Oga Emeka ya same ni. Ɗan Ibo ne mai rubuta suna a jikin manyan motoci a Kakuri, ya je Legas ya dawo da injin tatu. Ina yi masa gyaran fuska ya riƙe mini hannu ya juya shi. Ya ce, "Dauda, wannan hannu ba ya rawa. Kai zo wurina, ka bar gashi, gashi yana dawowa." Shekara uku na yi a wurinsa. Wata shida na farko ban taɓa inji ba, sai wanke kaya da dafa su da share shago. Sannan lemo. Sannan fatar alade daga wurin mahauta. Sai da na shekara da rabi ya bar ni na taɓa mutum, shi ma ɗan tauraro ne a bayan kafaɗa, inda mai shi ba zai gani ba.

Abu ɗaya ne Oga Emeka bai taɓa tambayata ba, ni kuma ban gaya masa ba: ban iya karatu ba. Haruffa a wurina hotuna ne, kamar tsuntsu ko fure. Na ba su suna a raina. Akwai mai ciki ɗaya, akwai mai ciki biyu, akwai maciji, akwai jinkar ɗaki, akwai tsani. In aka nuna mini a waya, zan kwafe a takarda, in manna a fata, in bi layi, ya fito tsaf har ya fi na wayar kyau. Na buɗe shagona, na cika bango da rubuce-rubuce kala-kala don masu zuwa su zaɓa. Shekara goma sha ɗaya ina haka, ba wanda ya gane.

Tambayoyin masu zuwa kusan iri ɗaya ne, kuma wanda zai shiga sana'ar nan dole ya san amsarsu. Da zafi? Da zafi, kuma wanda ya ce maka babu, ƙarya yake yi. A kan tsoka da sauƙi, a kan ƙashi ko haƙarƙari na ga ƙato ya yi hawaye. Ba za a ɗauki cuta ba? Sabuwar allura nake ɓarewa a gabanka, in sa safar hannu, tawadar da ta rage a zubar. Kwana nawa zai warke? Sama-sama mako biyu, can ciki ya fi wata. Kada ka sosa, kada ka ɓamɓare, kada ka bar shi a rana. Za a iya yin ruwan ɗorawa ko shuɗi mai haske? A fatarmu ba ya fitowa yadda ka gani a waya. Ni ma ina da tambayoyina. Ka taɓa jin ciwo ya warke ya yi tsiro? In haka ne, fatarka ba ta so, ka tafi. Kana son shiga soja ko ɗan sanda? Ka tafi. Ka sha wani abu? Ka dawo gobe. Sunan budurwa ne? Ka dawo bayan mako ɗaya, in har kuna tare. Fastonku ko limaminku ya sani? Ka tambaye shi yanzu, ba bayan an gama ba. Sai babbar tambaya, wadda kowa yake yi a ƙarshe da ƙaramar murya: in na fasa, zai fita? Ba zai fita ba.

Aikin da nake so in ba ku labari na wata mata ne mai suna Rifkatu, kowa na kiran ta Maman Sani. Tana suyar doya da awara a bakin tashar keke, ba nisa da shagona. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗansu ɗaya namiji, Sani, ɗan shekara ashirin da ɗaya. Wata rana man suya ya ƙare mata, hadari ya haɗo, ta aike shi Kakuri a babur ɗin maƙwabci. Babbar mota ta same shi a hanya. Dangin mijin, musamman yayarsa da ake kira Yaya Saraya, suka ce Rifkatu ta kashe musu ɗan ɗan'uwansu saboda galan ɗin mai. Tun ranar jana'iza ba su sake yi mata magana ba.

Ta shigo shagona saura mako bakwai a yi addu'ar cikarsa shekara ɗaya da rasuwa. Ba irinta ke zuwa wurina ba. Ta tsaya a ƙofa tana gyara ɗankwali.

"Baba Dauda, ana yi wa tsofaffi?"

"Ana yi, Maman Sani. Shigo ki zauna."

"Sunan yarona nake so a nan." Ta shafa cikin hannunta na dama, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. "Da manyan baƙaƙe. Ranar addu'a dangin ubansa za su zo daga ƙauye. Ina so Saraya ta gani da idonta. Ita ce mai karanta Littafi a zumuntar matan cocinsu, to ta karanta wannan ma."

Na tambaye ta ko fasto ya sani. Ta ce fasto ba shi ya haife shi ba. Ta miƙo mini waya. Wata 'yar maƙwabta ce ta rubuta mata abin da take so, wato "ɗana Sani". Na kwafe: mai ciki ɗaya, jinka, sauran suka biyo, guda takwas. Na goge hannun da sifirit. A nan na ga tabon ƙunar mai, kamar girman kwabo, daidai inda harafi na uku zai zauna. Tabo ba ya riƙe tawada, duk mai sana'a ya san wannan. Sai na yi abin da aka koya mini, na yanka takardar, na tsallake tabon, na matsa da sauran gaba kaɗan. Na manna, na ɗaga mata madubi.

Ta kalla ta daɗe. Ta ce, "Ni ban yi boko ba. Daidai ne ko?"

Na ce, "Daidai ne."

Wannan kalma ita ce laifina. Ba inji ba, ba tabo ba, ba yarinyar da ta rubuta ba.

Aikin ya ɗauki awa ɗaya da rabi. Ba ta motsa ba, ba ta ce wayyo ba. Layukan suka fito sumul, har na ɗauki hoto don nuna wa wasu.

Kwana huɗu bayan haka, da tsakar rana, ina cikin yi wa wani ɗalibi zanen zaki, ta faɗo shagon da cokalin suya a hannunta. Wani direban keke, Malam Sabi'u, mai sayen awara a wurinta kullum, ya ga hannun lokacin da take miƙa masa leda. Ya ce, "Subhanallahi, Maman Sani, wane irin da-na-sani ne haka har a fata? Ai ƙaddara ce, ki bar wa Allah." Ta ce wane da-na-sani? Ya karanta mata: DA NA SANI.

Ta ɗora hannun a kan teburina. "Karanta mini."

Na sunkuyar da kai ina goge injin.

"Baba Dauda, da kai nake. Karanta mini abin da ka rubuta a jikina."

Ɗalibin ya ɗago kai. Abokinsa da ke jira a benci ya ajiye waya. Na kalli bangon nan nawa da na cika da rubutu, ko ɗaya ban san abin da yake faɗa ba. Na ce, "Ban iya karatu ba, Maman Sani."

"Me ka ce?"

"Ban iya ba. Kwafa nake yi."

Na ɗauka za ta kwaɗa mini cokalin. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Sai ta yi magana a hankali. "Shekara guda suna cewa ni na kashe shi. Shekara guda ina cewa ba ni ba ce. Yanzu ka rubuta musu a hannuna cewa na amsa laifi. Na riga na aika wa Saraya cewa na sa sunansa a jikina. Rigar ankon da za mu sa mai gajeren hannu ce. In na rufe, za ta ce buɗe. In na buɗe..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "Cire shi."

"Ba ya fita."

Ta ɗauki cokalinta ta fita. Ɗalibin ya ce a bar zakin haka, zai dawo. Bai dawo ba. Kafin magariba duk tashar keke ta ji.

A makarantar firamare da ke bayan layinmu akwai ajin yaƙi da jahilci, Talata da Alhamis bayan la'asar. Shekaru ina wucewa ta wurin, ina kawar da kai. Washegari na rufe shago na je. Malama Ladi ce ke koyarwa, tsohuwar malamar firamare mai kaifin baki. Akwai mata kamar goma sha biyar a kan bencin yara, da maza uku. Na ce ina son ganin ta a waje. Ta ce, "A nan ba mu da waje, faɗi." Na karɓi alli na zana abin a allo daga kaina, har da tazarar da na bari. Ajin ya karanta da ƙarfi a tare, "Da, na, sa, ni." Na gaya musu abin da ya kamata ya zama, da hannun da yake kai. Wata ta fara dariya, ta ga ba wanda ya taya ta, ta yi shiru.

Malama Ladi ta karɓi allin. A saman mai ciki ɗayan nan, ta gefen hagu, ta ja wata 'yar ƙugiya. Ta ce, "Ku karanta yanzu."

"Ɗa, na, Sa, ni."

Ta ce, "Ka gani? D ce ta zama Ɗ. Yawancin wayoyi ba su da ita a fili, yaran yanzu kuma ba sa nema. Da mai karatu ne, da ya tambaya. Tazarar ba komai, mutane da yawa haka suke raba shi. Ƙugiyar ce ba ta nan."

Na ce, "Malama, bari in kwafe."

Ta goge allon da tafin hannunta. "Ni ba na ba da aron harafi, Malam Dauda. Kwafar ce ta kawo ka nan. Ga benci can, matsa kusa da Maman Blessing."

Na zauna. Gwiwoyina ba su shiga ƙarƙashin tebur ba.

Da na tashi na wuce wurin Rifkatu kai tsaye in gaya mata akwai gyara. Na tarar ta naɗe hannun da tsumma. Da ƙyar ta yarda ta kwance. Wata ta ba ta shawara, ta dirje wurin da kanwa da lemun tsami da soson ƙarfe, kwana biyu a jere. Tawadar tana nan daram, don ba a sama take ba. Amma fatar ta saɓule, ta kumbura, ta fara ruwa, kuma inda ta fi dirzawa shi ne farkon rubutun, daidai wurin da ƙugiyar za ta zauna. Na taɓa gefen, zafi kamar murfin tukunya.

Na ce, "Tashi mu je wurin nas."

"Kai ne likita kuma yanzu?"

"Ni ba komai ba ne. Amma in wurin nan ya yi tabo, ba inda zan sa gyaran. Layi ɗaya ne tak, Maman Sani, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Amma sai fatar ta warke."

"Yaushe?"

"Mako biyar, in Allah ya so. Wataƙila shida."

Ta ƙirga da yatsu. Saura mako shida da kwana uku.

Ga abin da bidiyo ba ya nuna muku. Rabin sana'ar nan jira ne, kuma ba ka da iko a kan fatar wani. Nas ta wanke, ta ba da magani, ta ce a nisanci wuta. Mai suya kuma za a ce wa ta nisanci wuta? Matata ta riƙa zuwa tana taya ta juya doya da rana. Ni kuma duk bayan kwana uku ina bakin tasha. Ba ta gaishe ni. Takan miƙo hannun gefe tana ci gaba da magana da masu saye, in duba, in tafi. Direbobin keke suna gani na sai su fara, "Ga farfesa nan! Baba Dauda, karanta mana lambar keken nan." Wata rana Malam Sabi'u ya daka musu tsawa, ya ce, "Ku da kuka iya karatun me kuka rubuta?" Daga ranar tsokanar ta ragu.

Mako na farko ruwan ya tsaya. Mako na biyu kumburin ya sauka, ɓawo ya rufe. Na roƙe ta kada ta taɓa. Mako na uku na zo na ga gefe ɗaya a buɗe, ja wur.

"Kin ɓamɓare."

"Ƙaiƙayi yake yi."

"Maman Sani, don girman Allah."

"Kai ka ji shi ne? Kamar tururuwa a ciki."

Wannan ya mayar da mu baya da kwana biyar. Shago kuwa ba kowa. Wanda ya zo ma, in ya ce rubutu yake so, sai in ce ba na yi yanzu. Na sauke duk takardun bango. Na cika kwando da lemo, kowane da Ɗ a jikinsa. Na yi a fatar alade. A ƙarshe na yi a cinyata, duk kalmomin biyu, ina faɗin kowane harafi da baki kafin in ja shi. Yana nan har yau.

Mako na biyar ɓawon ya faɗi da kansa. Fatar da ke ƙasa tana ƙyalli, siririya kamar ledar burodi. Irin wannan in ka sa mata inji, ko ta yage ko tawada ta yi naso, ƙugiya ta zama ɗigon baƙi, shi ke nan an rasa duka biyun. Ta ce, "Yi yau." Na ce a'a. Ta ce, "Su Saraya sun riga sun kama mota ta Asabar." Na ce a'a. Ta kira ni da sunan da ba zan rubuta ba. Na ce na ji, amma a'a.

Ranar Alhamis, saura kwana uku, ƙyallin ya ragu. Na ja fatar da yatsa biyu, ta dawo. Ba yadda nake so ba ne, amma lokaci ya ƙare. Ta zo shago da safe. Ban kunna inji ba. Na ɓare sabuwar allura guda, na riƙe ta da hannu, don in yi ɗigo-ɗigo yadda tsofaffi suke yi da ƙaya. Ya fi jinkiri, amma hannu yana jin zurfin da inji ba ya ji. Na zana ƙugiyar da biro tukuna, babba, mai fitowa sosai, yadda ko daga bakin ƙofa za a gani.

Ta ce, "Karanta mini."

Na sa yatsa a ƙarƙashin kowane harafi. "Ɗa. Na. Sa. Ni. Ɗana Sani."

"Ka tabbata, ko kwafa ce?"

"In kina so a kira Malam Sabi'u."

"Bar shi." Ta ƙura wa zanen biron ido. Sannan ta ce, "Rage ta."

"Me?"

"Ƙugiyar. Ta yi girma. Yi ta ƙarama."

"Maman Sani, in ta yi ƙanƙanta, daga nesa ba za a gan ta ba. Za a karanta na da."

"Na sani. Mako shida ina kallon na da ɗin nan safe da yamma." Ta goge hanci da bakin zani. "Hadari ya haɗo ranar. Na gani. Na ce masa ya yi sauri." Ta miƙo hannun. "Wanda ya tsaya nesa ya karanta abin da ya ga dama. Wanda ya matso kusa ya ga ɗana."

Na yi mata magana sau biyu, ta ƙi. Fatarta ce. Na goge biron na sake zana 'yar ƙarama. Ɗigo ashirin da wani abu na yi, ina tsayawa bayan kowane biyar in goge in duba ko ta fara naso. Gumi yana shiga mini ido, ba damar sharewa. Minti arba'in a kan abin da bai kai farcen ɗan yatsa ba. Da na gama, layin ya tsaya cif. Amma ƙarami ne, kuma Yaya Saraya tsohuwa ce.

Ba a gayyace ni addu'ar ba, amma ranar Lahadi na je. Na tsaya a gindin bishiya a harabar cocin. Matan zumunta suka taru da anko, gajeren hannu kamar yadda ta faɗa. Rifkatu tana bakin ƙofa ita kaɗai. Sai ga dangin mijin sun shigo a jere, wata doguwar tsohuwa a gaba, da Littafi a hammata. Ba sai an gaya mini ko wace ce ba.

Ta tsaya kamar taku huɗu daga Rifkatu. Ba gaisuwa. Idonta ya sauka a kan hannun, na ga leɓenta yana motsi. Fuskarta ta canja. Ta juya ta kalli na bayanta kamar za ta ce ku zo ku gani. Rifkatu ba ta ɓoye hannun ba, ba ta kuma miƙa ba.

Sai tsohuwar ta miƙa wa wata Littafin. Ta laluba jaka ta ciro tabarau, ta sa. Ta taka ɗaya, biyu, uku. Ta kama wuyan hannun ta ɗago shi kusa da fuskarta. Ta ɗora yatsa a kan ƙugiyar, inda har yanzu yake ja. Rifkatu ta runtse ido don zafi.

"Ɗana Sani," in ji tsohuwar, da ƙarfi, yadda take karatu a coci.

Ta ɗago kai ta dubi Rifkatu ta saman tabarau.

"Ɗanki. Sai ka ce ke kaɗai ce da shi. Wa ya goya shi lokacin da kika kwanta asibiti? Ɗanmu ya kamata ki sa, Rifkatu."

"Wurin bai isa ba, Yaya."

"Ƙarya kike, ga fili nan har gwiwar hannu."

Aka buga ƙararrawa. Matan suka fara shiga. Yaya Saraya ba ta saki hannun ba, haka ta ja ta suka shiga tare.